Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Tarihin Zagayawa da Baƙi a Birnin Kano da Gidan Rumfa

1.0 Gabatarwa

Duk baƙon da ya zo Kano da niyyar ganin gari, ko Bature ne ko ayarin ɗaliban wata makaranta daga Kafanchan ko Inugu, kusan hanya ɗaya ake bi da shi. Akan kai shi marinar Ƙofar Mata, a ratsa da shi Kasuwar Kurmi, a hau da shi Dutsen Dala, a shiga da shi Gidan Makama, daga nan a tsaya da shi a Ƙofar Kudu ta Gidan Rumfa ya ɗauki hoto. Mutane da dama suna ɗauka cewa hukumomin yawon buɗe ido ne suka shata wannan hanya, ta yin koyi da manyan biranen Turai, inda ɗan jagora kan tara baƙi a wani dandali ya zagaya da su tsohon gari a ƙafa, har ya dire su a fadar sarki. Akwai ƙamshin gaskiya a cikin wannan zato, sai dai hanyar ta girmi hukumomin nesa ba kusa ba.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda ake zagayawa da baƙo a birnin Kano tun daga 1824, shekarar da aka fara samun cikakken rubutaccen bayani a kan haka, domin a ga wanda ke jan gaba a kowane zamani, da abin da ya nuna, da kuma abin da ya tsallake. Muhimmancin hakan a fili yake. Abin da jagora ya nuna shi ne ya shiga littafi, abin da ya shiga littafi kuwa shi baƙon da ya biyo baya yake zuwa nema.

2.0 Baƙo a Birni Mai Ganuwa

Kafin a yi maganar jagora, ya kamata a san irin garin da baƙo yake shiga. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ganuwa, ɗansa Yusa, wanda ake yi wa laƙabi da Tsaraki (1136-1194), ya ƙarasa ta. Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, aka kuma sake faɗaɗawa a zamanin Muhammadu Nazaki (1618-1623). Bayan kare hari, ganuwa ita ce ke tace mai shiga da mai fita. Kowace ƙofa tana da sarkinta, ana buɗe ta da fitowar rana a rufe da faɗuwarta, saboda haka da wuya baƙo mai kaya ya shiga ba a san da zuwansa ba.

Idan ya shiga, ba ya sauka inda ya ga dama. Falke yakan sauka a gidan fatomansa, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Sunayen unguwannin birni kansu shaida ne a kan wannan tsari: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Alfindiki wadda sunanta ya fito daga kalmar Larabci mai nufin masaukin fatake, da Dandalin Turawa. Turawan da ake nufi a nan Larabawan Arewacin Afirka ne, domin su aka fara kira da wannan suna kafin a san mutanen Ingila.

Ke nan tun asali baƙo yana hannun wani ne. Wanda ke tafe da shi yana da aiki biyu: ya nuna masa hanya, ya kuma sa masa ido. Hausa ta bambanta jagora, wanda ke gaba don ya san hanya, da ɗan rakiya, wanda ke tare da baƙo don girmamawa ko tsaro. Amma ga baƙon sarki, musamman wanda ba a san nufinsa ba, mutum guda ne yake yin aikin biyu.

3.0 Matafiyan Ƙarni na Sha Tara

3.1 Clapperton da ɗan Hat Salah

Hugh Clapperton ya shiga Kano ranar 20 ga Janairu, 1824, daga Barno. Ya caɓa ado da kayansa na sojan ruwa yana tsammanin gari zai fito kallo, sai ya tarar kowa na harkar gabansa, ba wanda ya ko ɗaga kai. Ya sauka a hannun Alhaji Hat Salah, wakilin Shehun Barno a Kano. Sarki Ibrahim Dabo (1819-1846) yana sansani a wajen gari a lokacin, saboda yaƙin da ake yi da Ɗantunku, can Clapperton ya je ya gaishe shi. Game da Gidan Rumfa kuwa, abin da ya rubuta bai wuce a ce gida ne mai faɗi kamar ƙauye mai katanga, da masallaci a ciki da benaye ba.

Abin da ya fi jan hankali ga wannan nazari shi ne ranar da ya hau Dala domin ya zana taswirar gari. Bai tafi shi kaɗai ba. An haɗa shi da babban ɗan Hat Salah, kuma shi da kansa ya faɗi dalili: don kada jama'a su ga Bature a kan dutse da kayan awo su ɗauka tsafi yake yi. A can saman ne saurayin ya nuna masa wani gurbi a jikin dutse, ya ce sawun raƙumar Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba a san wannan labari a littattafan malamai ba, amma saurayin abin da ya ji a gari ya faɗa. Ana iya cewa wannan shi ne bayanin ɗan jagora na farko da aka rubuta a tarihin Kano, kuma ya zo da siffofin da har yau ba su bar sana'ar ba: kare baƙo daga zargin 'yan gari, kai shi inda zai hangi gari duka, da ƙawata wuri da labarin da aka gada ko da ba shi da madogara.

Sauran abin da Clapperton ya gani shi ne ya zama harsashin hanyar da ake bi yau. Ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 15, tsawonta ƙafa 30, da ƙofofi 15, mazauna kuwa tsakanin 30,000 zuwa 40,000. Ya yi dogon bayani a kan Kasuwar Kurmi da tsarinta, inda har ya sayi lema ƙirar Ingila. Ya bayyana rini da bugu, ya ambaci Jakara wadda ta raba gari biyu, ya ga rumfunan da ake sayar da bayi, ya kuma biya mahauta suka yi masa dambe a ƙofar masaukinsa. Wannan na ƙarshe shi ma abin lura ne, domin wasa ne da aka shirya musamman don idon baƙo, ba a lokacinsa ba.

3.2 Lander a ƙasar Jama'a

Wani abu da ya faru a kudancin ƙasar Zazzau bayan shekara uku ya fito da ɗaya fuskar rakiya ƙarara. Clapperton ya dawo a tafiya ta biyu, ya rasu a Sakkwato a watan Afrilu, 1827. Baransa Richard Lander ya koma Kano, daga nan ya yanki kudu da nufin isa Fanda ya bi kogi zuwa teku. Ya kai har garin da ya rubuta da sunan Dunrora, wanda masana ke ganin Daroro ce ta ƙasar Jama'a, wato yankin Kafanchan na yau. A nan mahaya daga Sarkin Zazzau suka cim masa, suka juya da shi zuwa Zariya ba da son ransa ba. Dalilin da aka ba shi shi ne hanyar da ya ɗauka ba ta da aminci saboda yaƙi. Ko wannan ne kaɗai dalili ko akwai wani, sakamakon dai ɗaya ne: abin da ke gaban Daroro bai shiga littafin Lander ba, domin masu ƙasa ba su yarda ya gani ba.

3.3 Barth

Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Kano ranar 2 ga Fabrairu, 1851. Wakilinsa a gari Bawu ne, ɗan Hat Salah ɗin nan da ya sauki Clapperton, abin da ke nuna cewa saukar irin waɗannan baƙi ta zama kamar gadon gida. An ajiye shi a wani gida mai duhu a unguwar Dala, aka kuma hana shi fita sai bayan sarki ya gan shi. Ya yi kwanaki a haka, ga zazzaɓi ga bashi.

Ranar da aka kai shi fada, ba kai tsaye aka shiga da shi ba. An fara biyawa da shi gidan ma'aji, inda aka duba kyautar da ya kawo. Daga nan aka ratsa da shi farfajiya bayan farfajiya, cike da fadawa da bayin sarki, aka kai shi gaban Galadima Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarki Abdullahi Maje Karofi, kafin a gabatar da shi ga Sarki Usman (1846-1855). Barth ya yaba soron da aka karɓe shi, musamman daurin bakan gizo da ya ɗauke rufin. Iyakar abin da ya gani na Gidan Rumfa ke nan, kuma, kamar yadda za a gani a gaba, iyakar abin da mafi yawan baƙi ke gani ke nan har yanzu.

Bayan ganin sarki ne aka sake shi. Ya hau doki tare da wanda ya san gari, suka shafe sa'o'i suna zagaya unguwanni. Ya hau Dala ya zana hoton gari, ya tsara taswira, ya jera sunayen unguwanni, ya lura cewa Fulani sun fi yawa a kudancin Jakara, Larabawa kuma a wajen Dala. Ya ƙiyasta mazauna 30,000, waɗanda kan ninka a lokacin zuwan fatake, ya kuma ƙiyasta kuɗin tufafin da Kano ke fitarwa a shekara wuri miliyan 300. Littafinsa mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858, shi ya kafa sunan Kano a Turai. Waɗanda suka biyo baya, irin su Staudinger a 1885, da Monteil a 1891, da Robinson a 1894, sun zo ne da Kanon Barth a cikin kansu, suna neman kasuwar da marinar da dutsen da suka karanta.

Abu biyu ya kamata a riƙe game da wannan zamani. Na farko, ba a ƙafa ake zagayen ba. Mutum mai daraja ba ya yawo a ƙasa cikin birni, saboda haka daga kan sirdi waɗannan matafiya suka ga Kano, suna leƙa tsakar gidaje ta saman katanga. Na biyu, izinin gani a hannun sarki yake, yana iya bayarwa yana iya hanawa. A 1900, da Bishop Tugwell da Likita Miller da abokan tafiyarsu suka shigo ba da gayyata ba, Sarki Alu (1894-1903) ya karɓe su a fada cikin fushi, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari.

4.0 Daga Doki Zuwa Mota

Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland ta fasa ganuwa ta shiga Kano. Daga wannan rana izinin gani ya bar hannun sarki shi kaɗai. Amma Turawa ba su zauna cikin birni ba. Bayan ɗan zaman da suka yi a farko, wanda ya haɗa da amfani da Gidan Makama, sun koma Nassarawa da Bompai. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, tasharsa na wajen ganuwa, aka kuma kafa Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu. Da haka birni ya zama wurin da baƙo ke shiga ya kalla ya fito, ba wurin da yake kwana ba.

Wannan sauyi ya juya alƙiblar shiga gari. Fataken Sahara ta ƙofofin arewa suke shigowa, su ratsa gonakin da ke cikin ganuwa kafin su kai gidaje. Baƙon zamanin Turawa kuwa daga gabas yake tahowa, ta Ƙofar Nassarawa ko Ƙofar Mata. A nan ne za a fahimci yadda marinar Ƙofar Mata ta sami sunan da ta samu. A ƙarni na sha tara marinai suna da yawa a birni da ƙauyuka, kuma binciken Philip Shea ya nuna irin rawar da garuruwa kamar Kura suka taka wajen rinin da ake fitarwa waje. Ta Ƙofar Mata ta yi sa'ar zama a bakin hanyar baƙi ne, inda mota za ta tsaya a sauka a gani a koma. Shekarar 1498 da aka saba faɗa wa baƙi a matsayin ranar kafa ta, magana ce ta gado da ya kamata a riƙa faɗa da taka-tsantsan.

Tsohon tsarin rakiya bai mutu ba, sauya riga ya yi. Jami'in Turawa ba ya fita rangadi sai da wakilin sarki, babban baƙo kuma ba ya shiga birni sai da dogari ko ɗan saƙon fada. Ga manya ƙwarai akan shirya hawa na musamman, kamar wanda aka yi wa Lugard a 1913 da wanda aka yi wa Yariman Ingila a 1925. Sarauniya Elizabeth ta ziyarci Kano a watan Fabrairu, 1956, zamanin Sarki Muhammadu Sanusi (1953-1963).

Abin da ya kawo baƙi masu yawa shi ne jirgin sama. Jiragen farko sun sauka a Kano a watan Nuwamba, 1925, aka fara jigilar fasinja a 1936. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen da ke tashi daga Turai zuwa kudancin Afirka dole su sauka shan mai bayan sun ƙetare Sahara, sai Kano ta zama babban zango ga kamfanoni irin su KLM. Har wani mutum aka ajiye a filin jirgin, bisa raƙumi, yana busa kakaki idan jirgi ya doso. Fasinjan da jirginsa ya yi dogon zango akan zagaya da shi birni a mota, kuma da yake lokacinsa ƙididdigagge ne, sai aka taƙaita Kano zuwa wurare huɗu ko biyar da za a iya gani cikin 'yan sa'o'i. Sabon Masallacin Juma'a da aka gama a 1951, zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926-1953), ya shiga jerin. Gidan Makama, wanda aka ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa a 1959 aka kuma mai da wani sashensa gidan tarihi, shi ma ya shiga.

Da manyan jirage masu dogon zango suka fito, buƙatar sauka a Kano ta ragu. Waɗanda suka maye gurbin su ne masu ratso hamada a mota ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram, waɗanda kan sauka a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke Bompai. A hannunsu ne zagaye a ƙafa ya kankama, domin ba su da gaggawa kuma ba su da kuɗin hayar mota, lungunan Kurmi kuwa dama ba sa shiguwa sai a ƙasa. A bakin sansanin da ƙofar marina da gindin Dala aka sami samari masu ɗan Turanci, wasu har da Faransanci, waɗanda suka mai da jagoranci hanyar abinci. Ba sarki ne ya aiko su ba, ba kuma wata makaranta ce ta koya musu ba. Tawayen Abzinawa a Nijar daga 1990 da rikicin Aljeriya daga 1992 suka toshe wannan hanya.

5.0 Inda Zagaye Yake Tsayawa

A nan ne bambanci da Turai ya fi fitowa. A Biyana ta ƙasar Ostiriya babu sarki a fada tun 1918, saboda haka jagora kan shiga da baƙi har ɗakunan kwanan sarakunan da suka shuɗe. A Landan, inda sarauta ke raye, ba a buɗe Fadar Bakingham ga masu sayen tikiti ba sai a 1993, domin a tara kuɗin gyaran fadar Winsa da gobara ta ci a 1992, kuma ko a nan ɗakunan taro kaɗai ake nunawa, na 'yan watanni a shekara.

Gidan Rumfa ya fi kama da na biyun. Tun da Muhammadu Rumfa ya gina shi a ƙarshen ƙarni na sha biyar, bai taɓa zama kango ba. Haɓe sun zauna, Fulani sun gada, kuma faɗinsa da ya kai eka 33 cike yake da iyali da bayin sarki da masu hidima. Baƙo yakan ga Ƙofar Kudu, wadda Abdullahi Maje Karofi (1855-1883) ya gina, da filin da ke gabanta. Idan an nema masa izini, akan shiga da shi sorayen waje. Babban baƙo akan karɓe shi a Soron Ingila. Cikin gida kuwa, inda matan sarki suke, ba wurin baƙo namiji ba ne, kuma wannan ba doka ce da aka yi don 'yan yawon buɗe ido ba, tsarin kowane gidan Bahaushe ne aka faɗaɗa: zaure na kowa, soron ciki na wanda aka yarda da shi, tsakar gida ta masu gida. Masu sarautun bayi irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama su ne tun da can ke tsakanin sarki da mai son ganinsa. Masu ganin cewa rashin buɗe fada ga kowa naƙasu ne ga yawon buɗe ido sun manta cewa abin da ya sa gidan ya cancanci gani shi ne kasancewarsa gida har yanzu.

Hanyar da fada ke nuna kanta ga jama'a daban ce: ita ke fitowa. A hawan salla da Hawan Daushe, sarki da hakimai kan ratsa unguwanni su dawo Ƙofar Kudu a yi jafi. Hawan Nassarawa kuwa yana ɗauke da tarihin zamanin Turawa, lokacin da sarki kan fita gaida Razdan, yau kuma gidan gwamnati yake zuwa. Hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba, 2024. Abin takaici, a wannan shekarar ce 'yan sanda suka hana hawan babbar salla saboda rikicin sarauta da ya ɓarke a watan Mayu.

6.0 Abin da Aka Tsallake da Abin da Ya Ɓace

Hanyar da aka gada daga Clapperton da Barth hanyar ɗan kasuwa ce da mai zanen taswira. Abin da ya dame su shi ne me ake sayarwa, nawa ne, kuma yaya girman gari yake. Shi ya sa Kanon malamai ba ta cika shiga zagaye ba. Da wuya a kai baƙo Madabo, cibiyar malaman Wangarawa, ko Sharifai, unguwar da ake dangantawa da zuriyar Shehu Magili wanda ya zo Kano a zamanin Rumfa. Unguwannin baƙi da aka ambata a baya, waɗanda su ne suka fi nuna yadda Kano ta haɗa jinsi daban-daban ta mai da su Kanawa, akan wuce su ba tare da an ce komai ba. Wannan rashi ya fi yin illa a yanzu, domin tun bayan hare-haren 20 ga Janairu, 2012, da janyewar KLM daga Kano a wannan shekarar, da harin Masallacin Juma'a na 28 ga Nuwamba, 2014, baƙin Turai sun ja baya ƙwarai. Masu cika Gidan Makama su ne 'yan makaranta na gida, ana kuwa zagayawa da su a kan hanyar da aka shata don idon wani.

Ganuwa ita ce babbar asara. Ginin ƙasa ba dutse ba ne, yana buƙatar yaɓe bayan kowace damina, kuma a da sarki ne kan sa a yi gayyar gyara domin rayuwar gari ta dogara a kanta. Da aka daina yaƙi bayan 1903 sai dalilin gyara ya kau. Ruwa ya ci, magina suka ɗebi ƙasa, aka cike kududdufan da ke gefenta, aka yanka filaye, aka kafa shaguna. Lokacin da H. L. B. Moody ya wallafa nazarinsa a kan ganuwa da ƙofofin Kano a 1969, ana iya bin mafi yawanta da ido. An sa ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su a 2007, amma har zuwa 2024 ba ta wuce matakin nema ba. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka sake gina wata a madadinta. Ƙofofi da dama yanzu na siminti ne, wasu tsofaffin ƙyamarensu kuwa sai a Gidan Makama ake ganin su.

Ba Kano kaɗai ta yi haka ba. Biyana ma ta rushe ganuwarta bisa umarnin sarkinta na 1857, ta shimfiɗa babban titi a gurbinta. Warso, babban birnin Folan, ta bi wata hanyar: bayan an ragargaza tsohon garinta a Yaƙin Duniya na Biyu, an sake gina shi ta yin amfani da tsofaffin zane-zane, UNESCO ta amince da shi a 1980, aka kuma kammala fadarsa a 1984. Abin da ya ba su damar yin haka shi ne an adana siffar abin kafin ya rushe. A Kano, bayan taswirar Barth da aikin Moody da tsofaffin hotuna, babban abin da ya rage na sanin inda ganuwa ta bi yana bakin mutane ne, musamman gidajen sarakunan ƙofa, waɗanda sarautarsu ke nan ko da ƙofar da suke tsaro ba ta rufuwa. Ba kasafai 'yan jagora ke biyawa ta wurinsu ba, ga shi kuma dattawan da suka ga badala da tsayinta suna ta ƙarewa.

A kan Dala, inda ɗan Hat Salah ya tsaya da Clapperton a 1824, jagoran yau yakan nuna wa ɗalibai Goron Dutse a yamma, da hasumiyoyin Masallacin Juma'a da itatuwan Gidan Rumfa a kudu. Idan suka tambaye shi ina ganuwa take, sai ya bi layin titi da yatsa ta saman rufin kwano, yana kiran sunayen ƙofofi: Mazugal, Wambai, Mata, Nassarawa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Dukawuya, Kabuga, Kansakali, Waika.